Ga Shi Nan Tafe

A rumfar ƙungiya, gabas da Auyo, bayan la'asar,
batirin sola saura sanda biyu,
ni da kwamfutar aro da sunan manoma saba'in da uku.
Na rubuta ɗan aike, layi tara kacal,
na ce: karɓi buhunan shinkafar kowa,
raba su da faɗin gonarsa,
mu san rabon takin bana.

Ya yi na Barmo. Ya yi na Tasi'u.
Ya yi na Uwale mai kadada ɗaya da rabi.
Da ya iso kan Ilu,
wanda ruwa ya cinye gonarsa aka rubuta masa sifili,
sai ya ja ya tsaya,
ya watso jan rubutu a allo,
ya bar sauran mutane a layi.
Ba a raba abu gida sifili, in ji shi.

Haushi ya sa na ɗinka masa buhu mai faɗin baki:
duk abin da ya faɗo, haɗiye,
kada ka ce uffan, wuce.
Ya wuce kuwa, sumul.
Na kwanta ina yabon kaina.

Ranar rabo takarda ta fito da saba'in.
Ladidi ta zo da buhunta a naɗe a hammata,
na bi layi da yatsa har ƙasa, na sake hawa.
Ashe a gurbin lamba an rubuta mata "uku da ɗoriya",
ɗan aikena ya shaƙe, ya tofar,
buhuna ya haɗiye ta da sunanta.
Ba ta zage ni ba.
Cewa ta yi: "Nafi'u, da dai ka ce ba ka gane ba."

Washegari na zauna gindin katangar sito.
Baba Mato yana sama da laka a hannu,
yaronsa a ƙasa yana cilla masa tubali.
Kafin kowane jifa sai ya ce, "Ga shi nan tafe!"
In mai tsaga ne ya ce, "Fasasshe!"
Baba ya cafe, ya ajiye gefe.
In ɗanye ne, ya mayar masa.
Da wani ya zo ba sanarwa,
tsohon ya kauce, ya bar shi ya tarwatse a ƙasa,
kowa ya ji ƙararsa.

Da dare na koma.
A goshin ɗan aiken na rubuta, don mai zuwa bayana:
wannan yana iya jefo abu uku.
Babu gona.
Wannan ba lamba ba ce.
Sunan nan ya zo sau biyu.
Harshen da nake rubutu da shi bai tilasta ni ba,
ba ya tambayar wanda bai faɗa ba,
amma na ga fuskar Ladidi.

Kowane jifa na tanadar masa hannunsa.
Na farko, a ajiye sunan a gefe da dalili.
Na biyu, a koma a tambayi mai gona.
Na uku, a kira Shu'aibun biyu su zo su bambanta kansu.
Wanda ban san shi ba kuwa, ban cafe ba:
ya hau sama, ya fashe, in ji.
A ƙarshe, ko an dace ko an tashi a tutar babu,
a rufe littafin,
yadda ake datse bakin kwalbati in an gama ban-ruwa.

Da asuba takarda ta fito da saba'in da uku.
Gaban sunan Ilu: babu gona bana, a je a duba shi.
Na hau keke zuwa gidan Ladidi.
Ɗoriyar, ta ce, tiya shida ce.