Reshen Gawo

Saura kwana uku Kirsimeti
Iya Shekara ta tashe ni tun kaji ba su sauko ba.
Ta ce, Nomau, ɗauko adda,
ɗari ba ya kama mai tafiya.

Tabita ce ta jawo mana.
Ta dawo hutu daga Rano da hoto a waya,
itace kore shar a tsakar ɗaki
an rataya masa fitilu har ƙasa.
Iya ta daɗe tana dubawa,
ta ce, wannan ba ɗan ƙasarmu ba ne,
amma ganye ai ba a birni aka fara shi ba.

Muka bi ta bayan rumbuna,
kan karan dawa da aka kwantar.
Na nuna mangwaron bakin rafi,
ta ce, ya fara fure,
so kake ka cire wa yara abu a baki?
Na nuna darbejiya,
ta ce, kafin azahar ta sunkuyar da kai.
Tsamiya kuwa ko kallo ba ta samu ba,
Iya ta gyara zane, ta ƙara sauri.

Gawo ta nufa.
Shi da ya tsaya tsirara duk damina,
ana ruwa yana kallo,
yau da kowa ya zubar, ya sa riga.
Ta dafa gindinsa kamar mai gaisuwa.

Sai dai a gonar Malam Sadisu yake,
don haka muka yi sallama a ƙofarsa.
Ya fito da carbi a hannu, ya ji, ya yi dariya,
ya ce, ku sara ta yamma,
na gabas inuwar shanuna ce.

Ba kowane reshe ba.
Ta sa na girgiza, ta ga ko ganye zai zuba.
Ta ƙi mai kumburi, ta ƙi mai gidan tururuwa,
ta bar wani don kurciya ta riga mu.
Wanda ta zaɓa bai fi tsayina ba.
Sara ɗaya, in ji ta, a karkace,
kar ka tauna shi kamar rake.
Ƙaya ta karɓi ladanta a babban yatsana,
Iya ta ce, tsotse, ka gode.

A gida ta sake datse gindin,
ta tsoma a tsohon tulu mai karyayyen baki,
yashin rafi, ruwan rijiya moɗa biyu,
can kusurwar zaure, nesa da murhu,
nesa da rana,
nesa da akuyar Inna, wadda ta fi su duka haɗari.

Ba mu da fitilu.
Tabita ta zare jan barkono a zare,
ni na tsattsaga audugar bana,
ƙananan suka kawo takardun alewa
da suka ɓoye tun kasuwar Lahadi.
Ƙaya ta riƙe komai, ba ta nemi ƙusa ba.

Kullum da asuba Iya kan tura yatsa cikin yashi.
In ya fito a bushe, sai ta kira sunana.
Ta yayyafa wa ganyen ruwa da bakin tsintsiya,
tana magana ƙasa-ƙasa,
ban sani ba ko da shi take, ko da Baba
da ya rasu bara war haka.

Ran biki muka dawo daga majami'a,
ganye ya fara sauka kan tabarma
ƙanana kamar tsaba.
Na ce, Iya, ya mutu.
Ta ce, tun ran da ka sara ya mutu,
baƙunta ya yi mana, ya kuma kyauta.

Washegari ta cire barkonon don miya,
ta ɗora mini kwanon shinkafa a ka,
reshen a kafaɗa.
Malam Sadisu ya karɓi kwano,
awakinsa suka karɓi saura.
Ina tsaye har suka bar ƙaya zalla,
da ɗan ƙullin auduga ɗaya
da muka manta a can sama.