Inci Biyu da Rabi

Buhun albasa ɗari da sittin ta ci,
kakar bana da rabin ta bara,
kafin ta baro Kwatano ta iso Aliero,
baƙa, gajera, da turbo a ƙirji.
In ta yi fito, awaki ma sun san a kauce.

Amma zafin bazara bai san tsada ba.
Tiyon robar da ta zo da shi ya kumbura, ya tsage,
ta koma haki kamar tsoho a kan tudu.

Na kai ta Jega, rumfar Arzika mai walda,
inda dalbejiya ke zubar da ganye kan tsofaffin injuna.
Na ce, "Baba, inci uku nake so,
mai ƙyallin nan,
in an ɗaga bonet mutum ya ga haƙoransa a jiki."

Bai ɗago ba sai da ya gama goronsa.
Ya miƙo min tsinken shan lemo. "Busa."
Na busa, kumatu suka cika, iska na fita da rowa.
Ya jawo guntun bututun burtsatse. "Busa."
Na busa, numfashina ya ɓace a ciki
kamar an juye moɗa a gulbin Zamfara.

"To, ka gani. Matsattse shaƙa, mai faɗi jira.
Turbonka yaro na,
kak ka ba shi ɗakin da ba shi iya cikawa.
Biyu da rabi, na alminiyom, shi ba shi riƙon zafi a rai.
Kwana kaɗan, don kowace kwana da harajinta.
A murɗa ma baki leɓe, kilif shi samu abin kamawa.
Matatar iska a kai ta bayan fitila, nesa da wutar inji.
Wa ka shaƙar iskar murhu shi yi tsere?"

Na ji.
Na kuma ƙi ji, tunda albasata ce.
Wani yaro a Birnin Kebbi ya ɗaura min inci ukuna,
ya goge shi da gefen riga, ya ce na fi kowa.

A hanyar Kalgo, tirelar siminti a gabana,
na leƙa, na fito, na taka totur.
Na ƙirga ɗaya. Na ƙirga biyu.
Mota tana shawara da kanta,
tankar mai tana tahowa, ita ba ta shawara da kowa.
Sai ƙarfin ya iso a makare, gaba ɗaya,
fau!
bututu ya saki bakin intakula,
na gangara gefen titi ina salatin da ban shirya ba.

Motar itace ta ja ni Jega da igiya.
Arzika bai ce uffan ba,
abin da ya fi min ciwo ke nan.
Ya ɗauko awo, ya yanka, ya lanƙwasa,
walda na tofa taurari a kan silifas ɗinsa.
Da la'asar ta tashi, ta ja numfashi ɗaya, dogo, mai sanyi,
na taɓa totur, ta amsa kafin in rufe baki.

Mai ƙyallin yana nan, ban yar ba.
Yana fadama, a bakin injin ban-ruwa,
yana shayar da albasar baɗi.
Can faɗinsa ya yi rana.
In na duƙa wanke hannu
nakan ga haƙorana a jikinsa.