Lamba a Gefen Hagu

Kuskure yana layi na ɗari uku da bakwai,
in ji na'ura.
To, ina layin yake?
Akwatin rubutun da na gina da hannuna
fari fat, ko lamba ɗaya babu.
Na ɗora yatsa a kan gilashi
ina ƙirge kamar mai sarin doya a Kejetiya.
Na kai tamanin da wani abu, Inusa ya leƙo ta taga:
"Akwai caja?"
Na koma ɗaya.

A Aboabo mun saba.
Wa ke tambayar lambar gida?
Ka wuce masallacin 'yan goro, ka tsallake kwata,
inda Mma Ladidi ke zuba wake da shinkafa a ganye,
ƙofa ta biyu, shuɗiya, mai akuya kwance a bakinta.
Ran da akuya ta tashi, baƙo ya ɓata.
Shi rubutu ko akuyar ba shi da ita.

Sai na yankar wa akwatin siririn fili a hagu,
faɗin yatsa biyu, na shafe shi da ruwan toka.
Na auna tsayin harafi, na ninka, na jera.
Suka fito, amma sifili ne a gaba.
Ita na'ura daga babu take fara lissafi,
mu kuwa ba mu taɓa kiran ɗan fari Babu ba.
Na ƙara mata ɗaya. Muka shirya.

Na gangara da rubutu ƙasa,
lambobi suka tsaya cak inda suke,
kamar fasinjan da mota ta bari a Asawasi
da kayansa a kan rufi.
Dare biyu ina koya musu tafiya tare:
in ya ɗaga ƙafa, ku ɗaga,
in ya tsaya, kar wanda ya wuce.

Sai ga wani dogon layi, sarkin surutu,
ya kai bango, ya karyo kwana, ya zauna a ƙasan kansa.
Lamba ɗaya zan ba shi ko biyu?
Kawu Mumuni ɗaki biyu ya kama a gidanmu,
amma ran kuɗin wuta sunansa sau ɗaya ake kira.
Ɗaya na ba shi.

Har casa'in da tara lafiya lau.
Da ɗari ya zo, fili ya yi kaɗan,
aka datse masa kai,
sifili biyu suka zuba mini ido zuru.
Tela mai hankali yakan bar rara a cikin ɗinki
don yaro ba ya tambaya kafin ya girma.
Na farke, na buɗa.

Ina cikin haka na ga littafin Baba,
ba a hannu ba, a ka:
jan layi da ya ja da rula a kowane shafi,
lambobi sun riga bashi zama,
huhun goro kaza, wane ya ɗauka, ranar kaza.
Yakan ce, abin da ba shi da lamba
gardama ce ke jiran ranarta.
Ni da na ce ba zan gaji rumfa ba,
ga ni ƙarfe biyun dare ina ja masa layi.

Suka ɗauke wuta. Na yi tsaki. Na kwanta.

Da safe, koko na huci a gefen madannai,
na gangara kai tsaye, ba yatsa, ba ƙirge.
Ɗari uku da bakwai.
Waƙafi ne ɗaya ya ɓace,
bai kai tsabar shinkafa ba.
Kwana huɗu.

Boakye ya kira daga Adum,
ya ce, "Duba hamsin da biyu."
Na duba.
Yana can, ina nan, gari a tsakaninmu,
ga mu tsaye a ƙofa ɗaya.

Inusa ya leƙo.
Na miƙa masa cajar ban ɗago ba.