Robar Tsakani

Da hantsi ta shigo garejina a Zango,
mota mai ɗaki a bayanta,
da gado, da murhu, da labule mai zanen kifi.
Tana tafe tana rangaji
kamar raƙumar da aka labta wa kaya gefe guda.
Kowane rami ta taka sai ta ce ƙwal,
ta sake cewa ƙwal,
kamar mai sallamar da ba a amsa masa ba.

Mai ita Malam Kiyari, tsohon likitan dabbobi,
ya saye ta hannun wasu baƙi
shekarar da baƙi suka rage hawa Agadas.
Ya ce, Tanimun, tun daga Mirya take yi mini magana,
ni kuwa ban iya yarenta ba.

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Ƙasa da zafi, tururuwa na bin wuyana.
Ga sandar nan kwance daga ƙafa zuwa ƙafa,
ita ke riƙe kafaɗun mota in ta sha kwana
kada ɗakin ya kife da tukwanensa.
Sandar lafiyarta lau.
Robar da ke rungume da ita ce ta mutu,
ta bushe, ta tsage kamar dugadugan manomi.
Na taɓa ta da yatsa, ta zubo mini a ido.

Noti huɗu. Uku sun ji magana.
Na huɗun tsatsa ta ci amanarsa,
sai da na ba shi kananzir ya sha, muka jira,
shayin Malam ya tafasa sau biyu a cikin mota.

Na aiki Ɗanjimma Kasuwar Dole
da gawar robar a aljihu.
Ya dawo bayan azahar hannu rabbana:
wai irinta sai Kano, sai kwana tara,
sai jika goma sha biyu.

Na jawo tsohuwar tayar tirela
wadda awaki ke kwana a cikinta,
na wasa wuƙa a bakin dutse,
na yanko tsoka daga inda ta fi kauri.
Na fafe, na gwada, na rage, na sake gwadawa.
Ban shafa mata mai ba, mai yana cin roba.
Sabulu na goga, ta zame ta zauna.

Daga ƙarƙashi ƙafafunsa kawai nake gani,
takalmin fata, babban yatsa ba farce.
Ƙafafun suka ce,
sa'ad da Gaptiya take da rai
ban taɓa sanin ni da ɗana ƙarfe biyu ba ne.
Ita ke shanye mu.
Ko arba'in ɗinta ba a yi ba muka fara ƙara.
Shekara bakwai ke nan yana Tanut,
can za ni.

Ban ce komai ba. Akwai noti a bakina.

Ba a ɗaure irin wannan mota tana sama,
sai an sauke ta ta tsaya da ƙafafunta,
ta ɗauki nauyin kanta, sannan a matse.
Haka na yi.

Muka zaga da ita bayan duwatsun Birni,
na nemi ramin da ya fi kowane mugunta, na taka.
Shiru.
Kofin shayi a kan tebur bai zubar da ko ɗigo ba.
Malam ya karkata kunne, har ya ɗan ji kewa.

Na ce masa gaskiya: wannan taya ce,
damina biyu za ta yi, in ta yi kirki uku.
Ya ƙirga kuɗi a tafina, ya ƙara dala ashirin.
Ya ce, Tanut ai wuni guda ne.

Ya tafi, labule na kaɗawa.
Awaki suka dawo da magariba,
suka tarar da taga a ɗakinsu.