Iskar Ciki

Motar babana tsohuwar Fiyat ce, ruwan ƙwai.
Shekara ashirin da uku tana tasi
tsakanin Rize da Trabzon, a gaɓar Baƙin Teku.
Gefen rediyo akwai wani ɗan maɓalli
mai zanen mota, da kibiya a cikinta
ta lanƙwashe tana neman wutsiyarta.
Babban yatsansa ya cinye rabin zanen.

Ya ce mini, Nermin, buɗe kunnenki.
In kin shiga ramin dutse, danna.
In kina bin motar kifi, danna.
In tirela ta turnuƙe ki da hayaƙi a hawa, danna.
Motar za ta toshe hancinta,
ta yi ta juya abin da ke cikinta.
Amma kina fita ki sake shi.
Iskar da aka shaƙa sau goma
ba ta da abin ba ki sai hamma.

Na ce to, idona na kan waya.

Ya rasu wata Talata, ana tsakiyar tsinkar ganyen shayi.
Asibiti suka miƙo mini makulli a leda
tare da agogonsa, yana ta tafiya abinsa.

Ranar da na buɗe ƙofar motar
shi ne ya tarbe ni a kujera:
turaren lemun tsami da yake tsiyaya wa fasinja a tafi,
tabar da ya rantse ya daina,
danshin rigar sanyinsa.
Na ja ƙofa da sauri kamar mai tsare tsuntsu.
Na danna maɓallin, 'yar fitilarsa ta kama.
Ban sake shi ba.

Sati bakwai.
Wata tsohuwa ta ce, 'yata, motarki da nauyi.
Wani ɗalibi ya kai hannu zai sauke gilashi,
na ce ya lalace.
Kaina yana sara kafin la'asar,
ina haɗiye hamma a kowace danja.
Duk na sani. Ina sane.

Sai daren nan na hawan Ikizdere.
Ruwa kamar da bakin ƙwarya,
masu tsinkar shayi uku a baya, sun jiƙe sharkaf,
Dursun mai zuma a gaba da gwangwaninsa a cinya.
Numfashin mutum biyar ya rasa mafita,
ya kwanta a gilashi, fari fat.
Na goge da hannun riga, ya dawo.
Na ƙara wa waifa gudu,
tana ta sharar waje,
alhali jiƙar daga ciki take.

Ban ga saniyar ba sai da ta cika gilashin.
Birki. Gwangwanin zuma ya daki rediyo.
Ƙasa da mu kogi yana ruri cikin duhu.

Ba wanda ya yi faɗa.
Dursun ya dubi fitilar, ya dube ni.
Ya san babana tun suna sojan dole.
Ya ce, Cevdet ba ya hawa nan da hanci a toshe.

Na sake shi.

Sanyi ya fara shigowa ta ƙafa.
Jiƙaƙƙiyar ƙasa, ɗanyen ganye,
hayaƙin itace daga wani gida da ban gani ba,
har da kashin saniyar.
Gilashi ya soma washewa daga ƙasa,
faɗin yatsa, faɗin tafi,
sai ga farin layin titi.
Na shaƙa ina neman lemun tsami.
Kaɗan. Sannan babu.

Yanzu motar ƙamshin kowa take yi,
burodi, jiƙaƙƙiyar lema, man gashina.
Amma duk bakin ramin dutse
yatsana kan riga ni tunawa,
ya sauka daidai inda zanen ya goge.
In haske ya ɓullo a ɗaya bakin
nakan ɗan jinkirta,
numfashi ɗaya, wani lokaci biyu,
kafin in sake.