Mai Riƙon Agogo

Da can, sujadarmu ba ta san hanyar ƙofa ba.
Mu shiga da hantsi, mu fito inuwa ta ɓuya ƙarƙashin takalmi,
ladanin Ƙofar Ƙaura yana gyaran murya don azahar,
mu ko muna kan sanarwa ta bakwai.

Sai dattawa suka zauna, suka ce ɗaki ɗaya, jama'a biyu:
masu Hausa daga bakwai zuwa takwas da rabi,
masu Turanci su shigo da tara.
Tuwon gida goma ke nan
aka ce a tusa shi akushi guda, a rufe.

Ni aka ba agogo, wai don gyaransa ne sana'ata.
Aka haɗa mani da jan kwali, aka ce,
"Filibus, in saura minti biyar, ka ɗaga."

Lahadin farko na ɗaga wa Fasto
yana tsakiyar teku shi da Yunusa.
Ya dube ni, ya dubi kifin,
ya ce, "To, sai mako mai zuwa za a amayo shi."
Yara suka yi ta gardama a hanyar gida
ko annabi zai jure kwana bakwai a ciki.

Waƙar zumuntar mata mai baiti tara
an datse ta a na uku.
Afiniki ta dafe bakin tulunta,
kiɗan ya mutu a cikin tafinta,
ta wuce ni ba gaisuwa, har mako biyu.

Akwai waɗanda abin ya yi wa daɗi.
Barnaba kan tada kurkurarsa tun ba a gama Amin ba,
ya kwashi fasinjan kasuwa da sauran sanyi.
Damaris da ke kwana aiki a asibiti
ta daina gyangyaɗi a benci na huɗu,
ta ce yau ta san yadda wa'azi ke ƙarewa.

Iya Kande ce ba ta saba ba.
Sandarta ba ta san an canza lokaci ba.
Tana sa ƙafa a dokin ƙofa ana sa albarka,
ta zauna duk da haka, ta gyara ɗankwali,
ta ce, "Ƙanzo ma abinci ne, ku ba ni."

Sai ranar Baba Habila.
Shi in ya tashi addu'a, gida-gida yake bi,
ya ƙwanƙwasa, ya kira marar lafiya da sunan yanka,
ya bi ta gonaki, ya bi ta kurkuku,
ya tsaya kan waɗanda suka bar ƙauye ba shiri.
Minti biyar ya rage, na ɗaga kwali.
Ina ɗaga wa mai rufaffen ido!
Hannuna na sama, yana rawa,
sai na ji ya ƙwanƙwasa tawa ƙofar:
"Ga Rahila 'yar Filibus, wata uku a kwance,
Ubangiji, kai ka san ƙashinta ɗaya-ɗaya."

Na sauke kwalin, na zauna a kansa.
Masu Turanci suna leƙe ta taga da gogaggun takalma.
Sakatare ya rubuta: an zarce da minti goma sha ɗaya.
Ban ce komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Yanzu ƙarfe tara ta same mu a gindin bedi,
ranar ta yi mana yawa kamar rigar aro.
Ba a ɗora girki ba, ba mai son tafiya.
Nan Afiniki ke ƙarasa baitinta shida,
nan Iya Kande ke jin wa'azi daga bakin mutum huɗu,
kowa da irin nasa kifin.

Ni dai shekara talatin ina buɗe bayan agogo.
Na san ɗan ƙarfen da ake taɓawa
ya riƙa tafiya irin ta Iya Kande.
Tsinken yana aljihuna kowace Lahadi.
Ban taɓa ba tukuna.