Jima Ta Zo Kan Majemi

Shekara talatin ina jima.
Fatar jar akuya nika sayowa Kara,
in jiƙa, in kankare, in tsoma ta ruwan bagaruwa
har ta yi laushin kunnen jinjiri.
Ban taɓa tambayar fata ko da zafi ba.

Sai wata asuba, a bayan gida,
na ji kamar an ja reza inda ba a faɗi.
Ɗigon jini ukku.
Na riƙe buta, na riƙe bango,
na riƙe bakina, wanda ya fi su wuyar riƙo.

Kwana tara ina zama da gefe guda.
'Yan majema sunka ce, "Mode, sarauta aka ba ka,
da ka daina haɗa tabarma da mu?"
Na ce ƙugu ne.
Na koma tsoron tuwo,
don na san ƙofar da za shi bi gobe,
kuma mai jinkirta biyan bashi
shi ka biya da kuka.

Ige ba a yi mata ɓoyo.
Ta ga tsire ya kwana cikin takarda,
ni da ban bar wa kyanwa ko tsinke.
Ba ta ce mini komi ba, ta aika Mabera
a kira Sirajo, ɗan ƙanena,
wanda ya yi karatun haɗa magani Indiya,
yaron da na taɓa share wa majina.
Gabansa zan kwance wanga zance?
Na kwance. Bai yi dariya ba.
Ya ɗauke ni bisa babur, ina tsaye rabi,
kowane rami na hanyar asibiti na san sunansa.

Likita ta duba, ta ce tsagewa ce,
ba basir ɗin da nika zargi ba.

Sirajo ya ce, "Baba, a samo baho.
Ruwa mai ɗumi, ba na fige kaza ba,
a gwada shi da gwiwar hannu.
Ka zamna ciki kwata na awa,
safe, dare, da duk sadda ka fito zagayawa.
Sha ruwa kamar raƙumi ya iso Rima.
Zogale, rama, kuɓewa, gwanda.
Yaji kuwa, ku gaisa daga nesa.
In jini ya ƙi tsayawa, mu koma."

Ya ciro wani gari cikin gwangwani,
na 'ya'yan itace ukku, in ji shi,
haka tsofaffin can ka sha kafin barci
don ciki ya saki ba da yunƙuri ba.
Na lasa. Bauri!
Na ce, "Yaro, teku ka ƙetare
ka kawo mini ƙanen bagaruwa?"

Ga ni bayan zana, cikin shuɗin baho,
wanda aka yi wa jikokina wanka.
Bazarar Sakkwato ta rage mana itace,
rana kaɗai ta isa ta ɗumama bokiti.
Gwiwoyi sama, gemu bisa ƙirji,
ina sauraren ƙadangare na bin katanga,
ina jin wurin da ya ɗaure kamar bakin jaka
yana sakin zarensa sannu.
Ige ta aje man kaɗe bakin ƙofa, ta kau da kai.
Hajo ƙarama ta leƙo ta hudar zana:
"Kaka, haihuwa ka yi?"
Dariya ta kubce mini, ta yi zafi,
amma ba kamar na jiya ba.

Mako ukku, na zamna tabarma daidai,
sunka ce an tuɓe sarki.

Jiya na koma bakin kwatarniya.
Na ɗauko fata, busassa, duk ta tsattsage gefe,
har na ɗaga zan jefa,
sai na ga na naɗe hannun riga
ina gwada ruwan da gwiwar hannu.